Fadama Cikin Gilashi

A Gummi, shekarun da muke ƙarƙashin jihar Sakkwato, an yi wani mai gyaran agogo ana ce masa Mainasara. Ni dai ban taɓa ganin agogon da ya shiga hannunsa ya fito da hankalinsa ba. In ka kai masa mai jinkiri, sai ya dawo maka da shi yana gudu, in ka yi magana ya ce ƙarfi ya ƙara masa, kuma kyauta. Sau ɗaya ya taɓa zuwa Ikko, rakiyar motar shanu, bai ma daɗe ba aka juyo da shi. Amma tun daga lokacin babu abin da za a ambata a gindin darbejiyar bakin kasuwa bai ce ya ga wanda ya fi shi a can ba, har ma ya taɓa gyara irinsa.

Matarsa Tabawa ɗiyar Baba Mamuda ce, wani tsohon masunci na unguwar bakin gulbi. Mace ce mai kunya a waje, mai baki a gida. Tana da ƙawa guda da take ji da ita, Sista Paulina, nas ɗin asibitin garin, mutuniyar Filato. Ita ta tsaya a kan Tabawa ranar da haihuwa ta zo mata da gardama har Allah ya raba lafiya, tun daga nan suka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Sista Paulina ita kaɗai take zaune a gidajen ma'aikatan asibiti, 'ya'yanta suna can gida wajen mahaifiyarta. Abokin hirarta kifi ne. Wani ɗan mitsitsi, bai kai tsawon yatsa ba, ja wur, da jela baza-baza kamar ƙyallen alharini. Wata likita 'yar ƙasar Filifin da suka yi aiki tare a Jos ta bar mata shi da za ta koma ƙasarsu. Irinsa beta ake ce musu, ita kuwa Soja take kiransa. Cikin babbar kwalbar alewa yake zaune, in ta taso daga aiki a gajiye sai ta jawo kujera ta ba shi labarin masu jinya, shi kuma yana kaɗa jela. Mutane na dariyar abin, amma duk wanda ya taɓa zaman baƙunta shi kaɗai ba zai yi ba.

Ana tsakiyar bazara hutunta ya zo, za ta gida bikin Ista ta ga 'ya'ya. Ta rungumo kwalbar ta kawo wa Tabawa.

"Ba ni da wanda zan bar wa Soja sai ke," in ji ta. "Ruwan randa ya ishe shi, abinci kaɗan. Abu ɗaya na roƙe ki, kada a sa masa wani kifi a ciki. Shi kaɗai yake zama, faɗa gare shi."

"Na ɗauki amana, Sista," in ji Tabawa. "Yadda kinka bas shi haka za ki ishe shi, in Allah ya so."

Mainasara na cikin ɗaki yana naɗar zancen. Cikin duk abin da aka faɗa, "faɗa gare shi" kawai ya shiga kunnensa ya zauna. Sista na fita ya fito, ya durƙusa gaban kwalbar, ya maƙala gilashin gyaran agogo a ido.

"Wanga na kihin? Ai na san su. Ikko nig ga irinai, gidan wani Bature. Ba haka aka aje su ba. Ɗaki aka yi musu na gilashi, da lambu ciki, haki na tsirowa ƙarƙashin ruwa. Wagga kwalba ai kurkuku ta."

"Kurkukun dai mai shi tab bas shi ciki, kuma ciki za ta ishe shi."

"Ke mi kinka sani ga kihi?"

"Ni ɗiyam masunci kaka tambaya?"

"Baba kamu shika yi. Ni zancen reno nika yi. Kahin Sista ta komo, sai na yi mai gidan da ko Ikko babu irinai. Ita da kanta za ta ce ashe da wahala shika sha."

Washegari bai buɗe akwatin agogo ba sai da ya buɗe baki. Ya shaida wa 'yan gindin darbejiya cewa wani kifin Turai ya sauka a gidansa, zai gina masa lambu cikin ruwa, ranar buɗewa kuwa har mutanen Anka da Bukkuyum sai sun yi tattaki. Ya ƙara da cewa kaf gulbin Gummi babu kifin da zai iya ja da shi.

Surajo wanzami, taubashinsa, yana wasa aska a gefe. Shi kaɗai ke iya tare Mainasara in ya ɗauko gangara.

"Kihin da anka ce bai kai yatsa ba?"

"Harsashi hwa, nawa na girmanai?"

"To shi harbi shika yi?"

"Kai dai rayu ka gani."

Gilashin bai yi masa wuyar samu ba, domin akwatin da yake baje agogunan mutane a ciki na gilashi ne. Ya juye agogunan cikin hula, ya ɗauko akwatin a ka zuwa gida. Ya roƙo kwalta wajen masu aikin hanya, ya narka ta cikin tukunyar miyar Tabawa, abin da ya sa ranar ba a yi miya ba, aka yi faɗa. Yana tsiyaya kwaltar a kusurwa, gilashin baya ya ji zafi ya ce ƙas, ya rabe biyu. Mainasara ya dube shi ya ce da ma shi ne bai yarda da ingancinsa ba. Ya shiga ɗaki ya ɓalle madubin kabad ɗin Tabawa, na kayan aurenta, ya liƙa a gurbin.

Ya cika akwatin da ruwa, ruwan ya bi ta ƙasa ya tafi abinsa. Ya ƙara kwalta. Ya sake cikawa, ruwan ya fita ta gefe. Ya ƙara kwalta. Da ya gama, akwatin ya fi kama da abin da aka tsamo daga gobara, amma dai ya riƙe ruwa.

Sai zancen shuka. Nan fa manomin da ke kwance cikin kowane mutumin Gummi ya farka. A wajenmu ba a san shuka ba taki ba, wanda ya yi haka kuwa rago ne ko baƙo. Mainasara ya gangara fadama ya kwaso laka baƙa ƙirin, ya shimfiɗa. Ya bi ta ruga ya samo kashin shanu, ɗanye, wai ya fi ƙarfi, ya cuɗa da lakar. Ya yi 'yan kunyoyi da cokali. Ya tumɓuko dashen shinkafa daga lambun rani ya jera layi-layi, ya dasa bado a tsakiya, ya watsa kainuwa a sama. Sannan ya tuttula ruwa, ya ja da baya yana kallo, hannu a ƙugu.

Ba a daɗe ba akwatin ya fara tafasa ba wuta. Kumfa na tasowa, ruwan ya koma kalar jiƙon bagaruwa, wari kuwa ya tsallake katanga ya shiga maƙwabta. Wata tsohuwa ta aiko a tambaya ko akuya ce ta mutu a gidan ba a sani ba. Ƙudajen unguwar kaf suka yi ƙaura suka dawo tsakar gidan Mainasara.

"Ƙamshin albarka na," in ji shi. "Ƙasa ta karɓi taki."

"Ta karɓa ko ta ƙi," in ji Tabawa, hanci cikin gyale, "Soja ba shi shiga wagga masai ina raye."

Ta ɗauke kwalbar ta kai ƙuryar ɗaki. Amma mace ba ta rasa fita. Aka yi suna a danginsu, ta tafi da safe, ta dawo da yamma ta tarar da kwalba a kife tana shan iska. Ta ruga wajen akwatin. Baƙin ruwa kawai, ba ja ba alamarsa. Ta zauna daɓas a ƙasa, domin fuskar Sista ce ta faɗo mata a rai.

"Ka kashe shi. Ka kashe min amana, Mainasara."

"Zagayen gonatai shika yi."

Suna cikin haka sai ga ɗan jan baki ya ɓullo tsakanin kainuwa, ya haɗiyi iska, ya koma. Ashe irin kifin nan Allah ya yi musu wata baiwa, in ruwa ya ɓaci sukan taso su shaƙi iska a sama, abin da ya cece shi ke nan.

"Kin gani?" in ji Mainasara. "Godiya yaz zo yi."

Tabawa ta sa ludayi ta yi ta lalube, ta kwaso laka, ta kwaso kashin shanu, Soja ya ƙi kamuwa. Da ta ga za ta ji masa ciwo sai ta haƙura da kamun. Kullum in mijin ya fita sai ta kwashe rabin baƙin ruwan ta zubar, ta mayar da na randa. A hankali ruwan ya fara washewa. Mainasara ya lura, ya kai labari gindin darbejiya cewa takinsa ya fara tace ruwa, kamar yadda ya lissafa.

Wata safiya ya leƙa sai ya ga wasu 'yan baƙaƙen halittu masu jela suna yawo birjik cikin shinkafar. Ko hula bai tsaya sawa ba ya yi kasuwa.

"Ku yi min barka. Kihina ya haihu."

Mutane suka biyo shi ɗuu. Surajo ya sunkuya ya daɗe yana dubawa.

"Kac ce namiji na?"

"Namiji na."

"Kuma shi ɗai shike ciki?"

"Abin Turai kaka wa tambaya?"

"Taubashi, talibambam na. Ƙwan kwaɗi kak kwaso da kainuwa."

"Na Turai ma haka suka hwarawa. In sun girma ja za su yi."

Ba su yi ja ba, ƙafafu suka yi. Aka wayi gari 'ya'yan kifin Mainasara suna tsalle a tsakar gida, wasu har cikin kwanon tuwo. A makon ne kuma akuyar maƙwabta ta shigo ta tarar da shinkafa kore shar a tsakiyar bazara, ta ɗora ƙafafun gaba bisa akwatin ta aske rabin gonar. Mainasara ya ce da ma lokacin sassabe ya yi.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila ya saduda. Sai dai Allah ya jarrabe shi da nasara. Ranar da ruwan ya washe sosai, Soja ya juya ya yi ido biyu da kansa a madubin Tabawa. Nan take ya buɗe kumatu, ya baza jela, jansa ya ƙara ja, ya kai wa madubin hari. Ya ja baya, ya sake kaiwa. Haka ya wuni. Labari ya bazu cewa kifin Mainasara dambe yake yi. Samari suka cika zaure, ana leƙe ana shewa, har wani ya fara yi masa kirarin 'yan dambe. Ko Surajo sai da ya yarda cewa bai taɓa ganin kifi mai zuciya irin wannan ba.

Kan Mainasara ya kumbura har hula ta yi masa kaɗan. Ya sa ranar buɗe lambu, ranar kasuwa bayan la'asar, a ƙofar gidansa, ana jibi Sista za ta dawo. Ya aika wa mai unguwa, ya aika wa liman, ya gaya wa direbobin Anka da na Bukkuyum su sanar a tashoshinsu.

Da hantsin ranar aka yi sallama. Baba Mamuda ne, ya tako da sandarsa tun daga bakin gulbi, rungume da ƙwarya. Mainasara ya zube ƙasa, ya cire takalmi, ya sunkuyar da kai, yana jero gaisuwa ba ya ko duban fuskarsa. Mutumin da ke cika kasuwa da murya, in yana gaban surukinsa sai ka kasa kunne kafin ka ji shi.

Tsohon ya ce a nuna masa baƙon. Ya tsuguna gaban akwatin, ya daɗe yana kallon Soja na dukan madubi, sai ya girgiza kai cike da tausayi.

"Abin da anka hwaɗa min gaskiya na. Kaɗaici ad da shi. Ku diba, hak kai shika bugawa ga bango. Baƙo shi zo garinmu a aje shi ɗaki shi ɗai, ba abokin hira? Ba a san mu da haka ba."

"Haka na, Baba," in ji Mainasara, ido a ƙasa.

"Shi yas sa nit taho mai da 'yar rakiya. Da hannuna niz zaɓe ta, mai lahiya ta."

Ya buɗe ƙwaryar. 'Yar tarwaɗa ce, tsawon tafin hannu, sumul-sumul, da gashin baki. Tabawa na bakin murhu, ta miƙe zumbur, ta buɗe baki, amma kafin ta haɗa kalmar da za ta faɗa wa mahaifinta gaban mijinta, tsohon ya yi bisimilla ya tuntsurar da ita ciki. Tarwaɗar ta nutse cikin laka ta yi lamo.

"Mun gode, Baba. Allah shi ƙara girma," in ji Mainasara.

"Da la'asar ina nan tahe in ga yadda sunka saba."

Tsohon na fita Tabawa ta yo kan mijinta.

"Hidda ta yanzu."

"In hidda kyautas surukina? Shi zo da la'asar shi ga babu, in dube shi da wane ido?"

"To ni bari in hidda Soja."

"A yaye zane gaban mai unguwa a ga mi? Shinkahwa?"

"Sista ta ce kada a sa mai kowa. Kana ji tah hwaɗi."

"Don tausan wanda za a sa tah hwaɗi. Ni tarwaɗan nika jiye ma. Ki tanadi barkono, yau da romo za mu kwana."

Ta juya neman ludayi. Kafin ta juyo ya fizgi zanenta daga igiya ya lulluɓe akwatin, ya kira samari suka kinkima suka fitar ƙofar gida, inda maza suka riga suka fara shimfiɗa tabarmi. Ya san ba za ta keta su ba. Aka ɗora akwatin bisa teburi a fili, inda kowa zai gani, ba inda inuwa take ba. Ranar bazara ta Gummi kuwa ta samu kwalta ta zauna a kanta tun daga azahar.

Bayan la'asar wuri ya cika. Mai unguwa da liman suna sahun gaba, Baba Mamuda na gefensu, Surajo ya zaɓi inda zai ga fuskar taubashinsa da kyau. Daga Anka da Bukkuyum dai ba wanda ya zo, sai wani mai tallan goro da ya ga taro ya tsaya. Mainasara ya sha babbar riga, agogo a kowane hannu, kowanne da nasa lokacin. Ya fara jawabi daga ranar da ya sauka Ikko.

Bai kai ga gidan Baturen ba taron ya dare. Sista Paulina ce, da jaka a hannu da ƙullin dankalin Turawa a ka, tsarabar Tabawa. Ta sami mota da wuri, daga tasha kuma ko gida ba ta biya ba, ta yo nan don ta ga Soja.

"Lafiya na ga taro?" ta tambaya.

"Lahiya lau, Sista. Allah ya kawo ki kan gaɓa. Matso nan gaba ki ga yadda aka riƙon kihi."

Ya kama bakin zanen, ya dubi jama'a, ya yaye.

Shinkafar ta kwanta, badon ya tumɓuke yana yawo, ruwan ya koma kunun laka. A jikin gilashin gaba tarwaɗa ce kwance, ciki ya yi tulu, tana motsa gashin baki a hankali irin na wanda ya ci ya ƙoshi. Ba kowa a gaban madubi.

"Ina Soja?" in ji Sista.

"Kunya gare shi, bai saba da taro ba."

Ya naɗe hannun riga ya zura hannu, da agogon da komai. Ya laluba gabas, ya laluba yamma, ya ɗago kwaɗo ya yar. Zufa ta fara bin gemunsa. Ya zaro hannun, ya dubi tarwaɗar, ya dubi jama'a, sai na ga idonsa ya yi wani haske, na san wata ta zo masa.

"Au, ai ga shi nan gabanku. Girma yay yi."

Ya nuna tarwaɗar da yatsa.

"Girma?" in ji Surajo.

"Taki na. Na hwaɗa muku ɗanye ya hi ƙarhi."

"Jan hwa?"

"Ruwan Gummi na, kowa yaz zauna cikinai sai ya yi duhu."

"Gashin bakin hwa?"

"Namiji in ya girma mi shika hiddawa?"

Wasu suka fara ƙunshe dariya, liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. Sista ba ta yi dariya ba, tana tsaye da dankali a ka tana kallon gilashin. Mainasara ya ɗora tafin hannu bisa akwatin don ya ƙarfafa maganarsa, ya ɗan bubbuga. Kwaltar da ta wuni tana narkewa ta ga iyakarta ke nan. Gilashin gaba ya zame, ya kwanto gaba ɗaya, fadamar Mainasara ta yo waje.

Sahun gaba ne ya karɓi rabonsa. Laka da tsohon taki suka wanke mai unguwa daga gwiwa zuwa ƙasa, liman ya tashi da kainuwa a cinya, kwaɗi suka watsu cikin riguna. Mai goro ya yi tsalle ya taka farantinsa. Ita kuwa tarwaɗa ta bi ƙasa tana murɗe-murɗe har ta tsaya a ƙafar wanda ya kawo ta.

Baba Mamuda ya sa hannu ya cafe ta ta bayan kai. Ya ɗaga ta, ya shafa cikin da babban yatsa. A gefen bakinta wani ɗan jan abu ne maƙale, siriri. Tsohon ya zare shi, ya shimfiɗa a tafin hannunsa. Dariyar da ake yi ta mutu.

Sista ta sauke ƙullin dankalin a hankali. Ta matso ta dubi tafin tsohon, idonta ya kawo ruwa.

"Abu ɗaya na roƙa," in ji ta, ba ta ɗaga murya ba. "Wa ya sa masa wannan a ciki?"

Daga bayan ƙyauren zaure ana jin shessheƙar Tabawa. Samarin da suka ga shigar tsohon da ƙwarya suka dubi ƙasa. Baba Mamuda, mutumin da ya tsufa a garin nan ba a taɓa nuna shi da yatsa ba, ya gyara tsayuwa, ya jingina da sandarsa, ya ce, "Ɗiyata, ni..."

"Ni na," in ji Mainasara.

Ya faɗa da ƙarfi har ya rufe muryar tsohon. Mafita na nan a buɗe gabansa, kalma ɗaya ce, kowa kuma zai shaida ba shi ya kawo tarwaɗa ba. Amma a ce suruki ya tsaya tsakiyar taro ya kunyata a ƙofar gidan mijin ɗiyarsa, wannan ko Mainasara bai iya ba. Ya cire hula ya durƙusa cikin lakar, da babbar rigar da komai.

"Ni nis sa a kawo ta, ni nis sa ta ciki. Tabawa ta hana, ban ji ba. Ni nih hidda shi daga kwalba tana gidan suna. Sista, ban san komi ba ga kiwon kihi. Gidan Baturen ma daga bakin ƙoha nil leƙa, mai gadi yak kore ni. Ki gahwarce ni."

Ban taɓa jin tausayinsa ba sai ranar. Surajo ya buɗe baki, da na ga alamar ya tanadi wata mai zafi, sai ya mayar da ita ciki. Baba Mamuda ya dubi surukin nasa, ya ce a hankali, "Allah shi yi ma albarka, ɗana," ya juya da tarwaɗarsa ya nufi gulbi.

Sista Paulina ta share ido da bayan hannu.

"Ba lambu yake so ba, Mainasara. Ni ma ban ce ina so ba. In na taso aiki in sami wanda zan yi wa magana, shi ke nan."

Ta ɗauki jakarta ta juya. Ba ta yi nisa ba ƙyauren zaure ya buɗe. Tabawa ta fito da mayafi, goye da ɗanta, ta keta tsakiyar mazan nan ba ta dubi kowa ba. Ta ɗauki ƙullin dankalin ta aza a ka, ta cim ma Sista, ta karɓi jakar daga hannunta. Sista ta yi kamar za ta hana, sannan ta sakar mata.

"Tabawa, ina za ki?" in ji Mainasara daga inda yake durƙushe.

"Ba ta kwana ita ɗai yau, ko gobe. Sai ranad da tac ce in komo."

"To tuwon dare hwa?"

"Tukunya na bisa murhu, gari na cikin ƙwarya. Kai da ka iya komi, ka tuƙa."

Suka tafi. Jama'a suka juyo gaba ɗaya suna kallon Mainasara, ana jira a ji ko a wane gidan Bature ya koyi tuƙin tuwo. Ya miƙe, laka na ɗiga daga rigarsa, ya gyara murya, ya buɗe baki. Sai ya rufe. Ya matsa kusa da Surajo, ya rage murya yadda yake zaton ba mai ji.

"Taubashi, ruwa aka hwara zubawa ko gari?"